Kamun Ƙafa a Arewacin Zamfara: Ƙofar Gwamnati a Hannun Waɗanda Suka Sauka

Idan wani ƙauye a ƙasar Shinkafi ko Zurmi ya shiga matsi, 'yan bindiga sun ɗora masa haraji ko sun hana shi noma, abin da dattawa kan fara yi shi ne karo-karo. A haɗa kuɗin mota, a zaɓi wakilai: liman, ɗan aiken mai gari, tsohon malamin makaranta da ya iya tsara takarda, da wani matashi mai lambobin waya. Su yi sammako su bi ta Kaura Namoda, kowa da addu'a a bakinsa, su nufi Gusau, tafiyar da ta haura kilomita 100.

Ba ofishin gwamnati suke fara sauka ba. Sun san takardar da aka miƙa wa masinja ba ta wuce teburinsa. Ƙofar gidan wani tsohon kwamishina suke nufa, ko tsohon shugaban ƙaramar hukuma, ko tsohon ɗan majalisa. Su zauna a rumfar ƙofar gida tun hantsi har la'asar, suna jiran a ce su shigo, domin ya sa musu baki.

A wannan gidan dai, akwai wasu baƙin da ba sa zama a rumfa. Ɗan kwangila ne da ke bin gwamnati kuɗi, ko wakilin wani kamfani mai neman filin haƙar ma'adinai. Motarsu har cikin gida take shiga. Mai gidan zai ɗaga waya saboda su, zai kuma ɗaga saboda mutanen ƙauye, amma babu mai iya faɗa maka wace wayar ya fara bugawa, ko me ya samu a kan kowacce. Babu takarda, babu shaida, kuma babu dokar da ta ce ya faɗa.

Wa gare ka a ciki?

Wannan ita ce tambayar da ake yi wa duk mai neman abu a hannun hukuma, daga mai neman gurbin karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda har zuwa garin da ke roƙon a girke masa sojoji. Kamun ƙafa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba kowanne ne laifi ba. Mai neman aure yana kama ƙafa, mai neman sulhu yana kamawa. Gwamnati kanta ba za ta san ciwon Moriki ko Badarawa ba idan babu mai kai mata.

Matsalar tana farawa ne a lokacin da kai kuka ya zama sana'a, sana'ar kuma ta ɓuya. A kasuwar dabbobi ta Shinkafi dillali ba ya ɓoye kansa. An san igiyar wa yake riƙe da ita, an san la'adarsa, in kuma saniya ta zama ta sata akwai shugabannin kasuwa da za su kira shi ya yi bayani. Dillalin siyasa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a san wanda ya aiko shi ba, ba a san kasonsa ba, in ciniki ya lalace kuma jama'a ne ke ɗaukar asara.

Mafi yawan masu wannan dillanci waɗanda suka taɓa riƙe ofis ne. Dalili a fili yake. Su suka san daraktan da ke tura takarda gaba, su suka san watan da ake cusa aiki a kasafin kuɗi, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da kujera a yau yaransu ne na jiya. Gwamnati ce ta ba su wannan sani da wannan alfarma da kuɗin jama'a, suka fita da su, suka mayar da su jari.

Daga kujera zuwa kujera

A ƙasashen da ke da manyan masana'antu, minista kan sauka ya zama daraktan kamfani. A Zamfara, wadda aka cire daga jihar Sakkwato a 1996, kamfanonin ba su da yawa, saboda haka mai sauka daga ofis wani ofishin yake hari.

Alhaji Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya zarce Majalisar Dattawa har 2019. Alhaji Abdul'aziz Yari ya fito daga Majalisar Wakilai ya zama gwamna a 2011, ya sauka a 2019, ya shiga Majalisar Dattawa a 2023. Bello Matawalle ya yi kwamishina, ya yi shekaru a Majalisar Wakilai, ya zama gwamna a 2019, ya kuma zama ƙaramin ministan tsaro watanni kaɗan bayan ya bar gidan gwamnati a 2023. Alhaji Mahmud Aliyu Shinkafi, ɗan wannan yanki, ya yi mataimakin gwamna shekara takwas da gwamna shekara huɗu, ya sake neman kujerar a 2011 da 2015. Gwamna Dauda Lawal shi kuma ta ɗaya ɓangaren ya shigo, daga babban muƙami a First Bank.

Babu laifi a doka cikin ko ɗaya daga waɗannan, kuma wanda jama'a suka zaɓa sun zaɓe shi. Abin lura shi ne yadda wannan tsari ke sauka har ƙasa. Kansila ya sauka ya zama mai ba shugaban ƙaramar hukuma shawara. Shugaban ƙaramar hukuma ya sauka ya yi rajistar kamfani, ya dawo yana gina ajujuwan da shi ya sa hannu a kan buƙatarsu. Babban sakatare ya yi ritaya yau, gobe ya dawo ma'aikatar a matsayin mai ba da shawara na kamfanin da ya saba biyan kuɗi.

Illar tana somawa tun kafin mutum ya sauka. Jami'in da ya san cewa nan da shekara biyu zai buƙaci wannan ɗan kwangila, da wuya ya ce masa aikinka bai yi kyau ba, je ka sake. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A nan kuwa askin ake farawa da shi, ladan ya biyo baya, shi ya sa mai bincike ba ya ganin komai a asusun banki.

Wasiƙar miliyan 10

Sau ɗaya aka taɓa ganin wannan al'amari tsirara a Zamfara. A watan Oktoban 2019 tsohon gwamna Yari ya rubuta wa gwamnatin jiha wasiƙa yana neman a ci gaba da biyansa naira miliyan 10 a kowane wata, kuɗin kula da kai da wata dokar jiha ta tanadar wa tsofaffin gwamnoni. Dokar ta haɗa da mataimakansu da tsofaffin shugabannin majalisa. An yi mata gyara ne a watannin ƙarshe na mulkinsa. Hujjarsa ita ce doka ce ta ba shi, ba roƙo yake yi ba.

Wasiƙar ta fita, gari ya ɗauka. A ranar 26 ga Nuwamba majalisar dokokin jiha, ƙarƙashin kakakinta Nasiru Mu'azu Magarya, ɗan ƙasar Zurmi, ta soke dokar, gwamna kuma ya sa hannu ba da jinkiri ba. 'Yan majalisar sun ce tana cinye kusan naira miliyan 700 a shekara. A daidai lokacin tsofaffin malamai da ma'aikatan asibiti suna jiran garatutinsu; gwamnatin da ta zo a 2023 ta ce ta gaji bashin garatuti na kusan naira biliyan 13 da ya taru tun 2011.

Akwai masu cewa siyasa ce ta soke dokar ba tausayin talaka ba, tunda majalisar ta PDP ce, mai wasiƙar kuma ɗan APC. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ko da hakan ne, abin da ya faru ya nuna abu biyu. Na farko, mai mulki na iya gyara wa kansa shimfiɗa kafin ya sauka, da hannun majalisar da ya kamata ta tsawata masa. Na biyu, dokar da ta zauna lafiya muddin ba a ganinta ta faɗi cikin 'yan kwanaki da jama'a suka karanta ta.

A ƙarshen wannan shekarar ne kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta umarci gwamnatin tarayya ta ƙwato fanshon da tsofaffin gwamnoni suka karɓa alhali suna sanatoci ko ministoci. Jihohi irin su Imo da Kwara sun bi sahun Zamfara wajen soke tasu dokar.

Inda doka ta yi magana da inda ta yi shiru

Kundin tsarin mulki na 1999 bai manta da wannan batu gaba ɗaya ba. A jadawali na biyar, inda aka jera ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, an hana jami'i sanya kansa inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa. An hana ma'aikacin cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci, in ban da noma. An ce wanda ya yi ritaya yana karɓar fansho kada ya riƙe fiye da muƙami ɗaya mai albashi a hukuma ko kamfanin gwamnati. An kuma hana tsohon shugaban ƙasa da mataimakinsa da alƙalin alƙalai da gwamna da mataimakinsa yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki.

Duba wannan na ƙarshe da kyau. An toshe hanyar kamfanin Turai, wadda da wuya tsohon gwamnan Zamfara ya bi, an bar ta kamfanin gida a buɗe, ita ce kuwa ake bi kullum. Kwamishina da babban sakatare da shugaban ƙaramar hukuma ba su ma shiga jerin ba. Sannan sakin layi na 14 na jadawalin ya cire 'yan majalisa daga ƙa'idar nan ta masu fansho.

Batun kyauta ma haka. An hana karɓar kyauta saboda aiki, amma an yarda da kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta sani. A wurin da kowane ɗan kwangila aboki ne, kuma ba a mako ba a yi biki ko suna ko ta'aziyya ba, wannan ƙofa tana da faɗi.

Bayyana kadarori wajibi ne a farkon aiki da ƙarshensa, sai dai takardun suna kulle a Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wadda ta daɗe tana cewa Majalisar Tarayya ba ta tsara sharuɗɗan nuna su ga jama'a ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya buga tasa a 2007 don ra'ayin kansa, kuma har yau ana ambaton hakan saboda masu koyi da shi ba su da yawa.

Game da kamun ƙafa kansa, Sanata Dino Melaye ya kawo ƙudirin da zai tilasta wa masu wannan sana'a yin rajista. Ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa a watan Oktoban 2016, bai kuma zama doka ba. Inda aka samu ɗan abin kirki shi ne a wasu sassa: a 2010 Babban Bankin Najeriya ya hana manyan jami'ansa karɓar muƙami a bankunan da suke sa wa ido sai bayan wasu shekaru da barin aiki, kundin tsarin mulki kuma ya hana alƙalin da ya sauka tsayawa gaban kotu a matsayin lauya. Ashe an san maganin, ba a dai ba masu siyasa ba ne.

Zinare da takardun Abuja

Babu inda wannan shiru na doka ya fi tsada kamar harkar ma'adinai. Duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, kuma a ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007 a Abuja ake ba da lasisi, wanda ya riga nema shi ke samu. Manomin da ke zaune a kan arzikin bai san ofishin ba. Wanda ya taɓa zama a gwamnati ya san shi, ya kuma san taswirar.

Mafi yawan zinaren Zamfara yana ƙasashen Anka da Bukkuyum da Maru, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Amma bindigar da kuɗin zinare ya saya ba ta tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, ta hana jirage shawagi a samaniyarta a 2021, ta ɗage haramcin haƙar a watan Disambar 2024.

A tsakanin nan, ministan ma'adinai Dele Alake ya faɗa wa 'yan majalisa a ƙarshen 2023 cewa manyan mutane masu ƙarfi ne ke bayan haƙar da ake yi ba bisa doka ba. A farkon 2025 Sanata Adams Oshiomhole ya ce akwai janar-janar masu ritaya a ciki. Babu wanda ya ambaci suna a bainar jama'a. Ma'aikatar ta soke lasisi fiye da 1,600 a 2023 da wasu fiye da 900 a 2024, tana ƙorafin cewa wasu na karɓar takarda su ajiye domin su sayar, ba don su haƙa ba.

Najeriya ta taɓa ganin ƙarshen irin wannan hanya a harkar mai. A 1998 ministan man fetur Dan Etete ya ba kamfanin Malabu rijiyar nan mai lamba 245, daga baya ta bayyana cewa yana da hannu a kamfanin, aka kuma kwashe fiye da shekara ashirin ana shari'a a ƙasashe daban-daban. Dokar kamfanoni ta 2020 yanzu ta wajabta a bayyana ainihin masu kamfani. Da za a jera sunayen masu lasisin ma'adinai na Zamfara kusa da sunayen waɗanda suka riƙe muƙamai tun 1999, da jita-jita ta ragu, mai gaskiya ya huta, marar ita a san shi.

Manyan tsaro, da hanyar da ake tsoron bi

Akwai wata magana da ta daɗe a bakin mutanenmu, cewa in namu na sama, kukanmu ya kai. Tarihin wannan yanki ya kamata ya sa a sake tunani.

Jihohi kaɗan ne suka ba ƙasar nan manyan jami'an tsaro kamar Zamfara. Marigayi Alhaji Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, ya shugabanci hukumar tsaron farin kaya ta NSO daga 1979 zuwa 1983. Janar Aliyu Gusau ya yi mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro fiye da sau ɗaya, ya kuma yi ministan tsaro daga 2014 zuwa 2015. M.D. Abubakar ya yi Sufeto Janar na 'yan sanda daga 2012 zuwa 2014. Mansur Dan Ali, mutumin Birnin Magaji, ya yi ministan tsaro daga 2015 zuwa 2019. A waɗannan shekaru na baya-bayan nan ne hanyar Kaura zuwa Shinkafi ta zama abin da ta zama, aka rufe kasuwannin mako da layukan waya a 2021, sunan jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya shiga kowane gida.

Ba ana cewa waɗannan mutane ba su yi ƙoƙari ba ne, ko cewa mutum ɗaya na iya kashe wutar da ta samo asali daga rikicin filaye da rashin adalci da kwararar makamai. Abin da ake cewa shi ne alfarma tana iya samo wa ɗa aiki, ta saki wanda aka tsare, ta kawo motar sojoji na mako biyu. Ba ta gina tsarin da zai tsare hanya ko da mai alfarmar ya sauka.

Ya kamata a tuna abin da ya faru a farkon Afrilun 2019, lokacin da 'yan Zamfara da masu tausaya musu, ciki har da 'yar jarida Kadaria Ahmed, suka fito titin Abuja da rana tsaka suna neman a kawo ƙarshen kashe-kashe. Washegari aka sanar da hana haƙar ma'adinai. Wannan ma neman shiga ne wurin masu mulki, amma an ga fuskokin masu nema, an ji abin da suka nema, ana kuma iya auna abin da aka ba su.

Su ma suna da hujja

Tsofaffin jami'ai ba sa rasa abin faɗa, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Hujjarsu ta farko ita ce abinci. A Shinkafi ko Zurmi babu masana'antar da za ta ɗauki tsohon kwamishina, jirgin ƙasan da ya raya Kaura Namoda tun wajen 1929 ya daɗe da daina ɗaukar gyaɗa da auduga, gonar da doka ta yarje masa kuma tana cikin daji inda ba ya iya zuwa. A ƙofar gidansa akwai marayu, da 'yan gudun hijira, da masu neman a taimaka musu da kuɗin fansa. In aka hana shi kwangila, in ji shi, ba shi kaɗai aka hana ba.

Ta biyu ita ce ƙwarewa. Jihar da ke da ƙarancin ƙwararru ba za ta jefar da waɗanda ta horar ba. Suna kafa misali da kwamitin da M.D. Abubakar ya jagoranta a 2019 bayan ritayarsa, wanda ya binciki matsalar tsaro har ya nuna yatsa ga wasu masu sarauta da jami'ai. Aiki ne da sai wanda ya san ciki zai iya.

Ta uku ita ce tsoro. A jihar da gwamnati ke sauya hannu da zafin gaba, duk dokar da aka kafa don tsofaffin jami'ai na iya zama bulalar dukan abokan hamayya, a kuma kau da kai daga na gida. Akwai kuma tsoron da ya fi wannan: a wurin da 'yan bindiga ke da masu kai musu rahoto, buga dukiyar mutum a jarida tamkar nuna gidansa ne.

Malamai kuwa sukan tunatar da cewa wannan tambaya ta riga dimokuraɗiyya. Suna kawo labarin ma'aikacin zakka da ya dawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da dukiya kashi biyu, ya ce ɗaya kyauta aka ba shi, aka nuna masa cewa muƙamin ne aka ba, ba shi ba. Suna kawo yadda Sayyidina Umar ke ƙididdige dukiyar gwamnoninsa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya sa kyautar da ake bayarwa don a samu shiga wurin mai mulki cikin al'adun da ya soka. A Kaura Namoda, garin da ya ɗauki sunan Muhammadu Namoda, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin jihadin, ba za a ce wannan ra'ayi daga Turai aka kawo shi ba.

Abin da wasu ƙasashe suka gwada

A Amurka dokar 1995 ta wajabta wa masu kamun ƙafa yin rajista da bayyana wanda ya ɗauke su aiki da abin da aka biya su. Bayan abin kunyar wani mai kamun ƙafa, Jack Abramoff, aka ƙara tsananta ta a 2007, aka ce sanatan da ya sauka ya jira shekara biyu kafin ya koma majalisa neman alfarma ga wani. Kanada ta sa shekara biyar ga manyan jami'anta.

Dokokin ba su rufe kowace kafa ba. A 2021 ta bayyana cewa tsohon firaministan Birtaniya David Cameron ya riƙa aika wa ministoci saƙon waya a madadin kamfanin Greensill, aka kuma ce bai karya doka ba, domin wa'adin jiransa ya wuce kuma shi ma'aikacin kamfanin ne, ba ɗan haya ba. Duk da haka an ga saƙonnin, majalisa ta kira shi ya amsa tambayoyi. Wannan shi ne abin da ba mu da shi.

Dokar da za ta dace da Gusau

Ba sai an jira Abuja ba. Kwangilar jiha da ta ƙananan hukumomi na cikin ikon majalisar dokokin jiha, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, da ya ce a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa batun nauyi. In kuɗi suka sauko Shinkafi da Zurmi da Kaura, dillalai ma can za su koma.

Abu mafi sauƙi shi ne wa'adin jira. Kwamishina ko babban sakatare ko shugaban ƙaramar hukuma da ya sauka, kada shi ko kamfanin da yake da kaso a ciki ya karɓi aiki daga ofishin da ya bari, sai bayan shekara biyu. Ba a hana shi sana'a ba, yana iya neman aiki a wata ma'aikatar ko wata jihar. Wannan ya amsa rabin hujjar abinci. Sauran rabin kuma a biya shi haƙƙinsa na sallama a kan lokaci, a layi ɗaya da malamin firamare.

Sai rajista, amma ga wanda ake biya kawai. Wakilan ƙauye da ƙungiyar manoma da matan da suka zo kuka ba sa buƙatar cika takarda. Dokar da za ta ƙara musu wani shinge ta fi rashinta muni. Wanda ya karɓi kuɗi ko alƙawarin kaso domin ya sa baki, shi ne zai rubuta sunan wanda ya aiko shi da abin da ya nema. Domin tsoron masu garkuwa, ba sai an buga adireshi ko jimillar dukiyar kowa ba. Sunan kamfani, da mai shi na gaskiya, da aikin da aka ba shi, da kuɗin aikin, sun isa. A rubuta da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Abu na uku ya fi waɗannan muhimmanci a ganina, domin shi ne zai rage cinikin tun daga tushe: a buɗe wa talaka ƙofar da ba ta bi ta gidan kowa ba. Rana guda a wata da ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma za su zauna a mazaɓa, a karɓi koke a ba shi lamba, a kuma wajabta amsa a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci. Muddin takardar mutanen ƙauye ba ta motsi sai an sa baki, tsohon jami'i zai ci gaba da samun abin sayarwa.

Wahalar ita ce masu kafa dokar su ne za ta fara kamawa ranar da suka sauka. Majalisar Zamfara na da kujeru 24, shida daga ciki na wannan yanki ne: biyu na Kaura Namoda, biyu na Zurmi, ɗaya ta Shinkafi, ɗaya ta Birnin Magaji. Ɗan majalisa ɗaya ya isa ya gabatar da ƙudiri. Kafin zaɓen 2027 duk masu neman waɗannan kujeru za su zo gaisuwa wurin limamai da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin matasa, kuma a nan ne za a iya tambayar kowannensu, a gaban shaidu, ko zai sa hannu a kan wa'adin shekara biyun da zai hau kansa.